Dariyar Bagga

Dutsen farko ya faɗo ne ana shirin kiran sallar magariba, lokacin da Miraj Din ke zaune a gadon igiya a saman soro yana goge takalmin da zai sa ranar Asabar. Tantabarun maƙwabta sun gama shiga, hayaƙin tanderun maƙwabciyarsa Masi Barkate ya kwanta a kan layin, a ƙasa kuma 'yarsa Farzana tana murza roti, gurasarmu ta kasko, a madafa. Dutsen bai fi ƙwan kaza girma ba. Ya dira kusa da ƙafarsa, ya mirgina, ya tsaya. Da ya kai hannu sai ya ji shi da ɗumi kamar daga murhu aka ciro shi.

Ya leƙa layi da niyyar zagin uban wani, bai ga kowa ba. Na biyu ya faɗo a bayansa. Na uku ya fasa masa kofin shayi.

Duk wanda ya taso a birnin Lahore na Pakistan zamanin da gidajen sinima ke cika ya san Miraj Din, ko da yake da wuya ka sami wanda ya san fuskarsa. Shekara ashirin da biyar ya yi yana fitowa a finafinan aljanu, irin waɗanda ake shiga don a tsorata, a fito ana riƙe da ciki saboda dariya. Bai taɓa zama jarumi ba, ko hannun jaruma bai taɓa riƙewa ba. Shi ne Bagga, aljanin nan mai haƙoran roba da gashin jelar doki, wanda ke fitowa daga rijiya zai cinye mutum, sai wandonsa ya zame. Abin da ya riƙe shi a sana'ar kuwa dariya ce. Takan taso daga can ƙasa kamar ana jan dutsen niƙa, ta hau, ta karye a tsakiya da wata 'yar shaƙuwa, sannan ta gangaro. Da ita iyayenmu mata suka riƙa kora mu gida da yamma.

A fili dai ba mu taɓa jin ya yi ta ba. In aka roƙe shi sai ya dafa maƙogwaro ya ce likita ya hana.

Daga baya aka rushe sinimomin aka gina shaguna, aka manta da shi sarai. Yana cikin wannan zama ne wasu 'yan jami'a suka tono finafinan, suka haukace a kansu, suka kama zaure suka ce ranar Asabar za a nuna na farko, a yafa masa mayafin girmamawa. A takardar tallan aka buga hotonsa babu haƙoran roba, karo na farko a rayuwarsa, aka rubuta a ƙasa: mai dariyar da ta girgiza Lahore. Babu mai shayi ko wanzami a layinmu da bai nuna wa takardar ba, har muka fara kauce masa.

A yammacin da ake jifan, ƙaurin roti ne ya sauko da shi. Ya tarar da kaskon yana hayaƙi, Farzana kuma tana tsaye ta fuskanci bango, hannayenta duk gari. Mace ce mai shekara talatin da shida, malamar makarantar 'yan mata, wadda ba ta da hayaniya, kamar dai mahaifiyarta marigayiya Kishwar.

"Farzana, 'yata. Roti na ƙonewa."

Ba ta juyo ba. Kafaɗunta suka fara rawa, sannan dariya ta fito. Ba mai kauri ba ce irin ta Bagga. Siririya ce, ta mace, mai sauri, amma ta hau inda waccan ke hawa, ta karye a tsakiya da 'yar shaƙuwar nan, ta gangaro. Maƙwabta da suka ji ta katanga suka ce yarinya tana kwaikwayon ubanta ne. Miraj Din kuwa sai ya zauna a ƙasan madafa, don ya san mai ita.

Kwana uku aka yi a haka. Da rana tana kwance ido buɗe, ba ci ba magana. Rana na yin ja sai duwatsu su fara sauka a soro, ɗaya bayan ɗaya, babu gaggawa, ita kuma ta miƙe ta fuskanci bango. Gidan ya yi wani irin nauyi. Ko kyanwar layin ta daina bi ta kan katangarsu.

Masi Barkate, tsohuwar da ke gasa wa rabin layin gurasa, ita ce ta tare shi a ƙofa.

"Miraj, ka kira Hafiz Nur Ilahi."

"Zazzaɓi ne, Masi. Bari Asabar ta wuce."

"Asabar ɗin gidanku! Je ka dubi hannunta."

Ya je ya duba. Farzana ta ɗora tafin hannunta a kan kasko mai zafi, fatar ta tashi fari fat, fuskarta kuwa ko gezau. Shi da ya yi finafinai goma sha wani abu yana mayar da masu ruƙiyya abin dariya, suna tofi suna gudu rawani na warwarewa, ranar Juma'a da sassafe ya je ya tsuguna a ƙofar ɗayansu.

Hafiz Nur Ilahi ya zo bayan la'asar. Gajere ne, siriri, yana jan ƙafa ɗaya, kuma bai ko dubi takardar tallan da ke manne a bangon tsakar gida ba. Ya sa Masi Barkate ta riƙe Farzana, ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu a hankali. Mu muna cunkushe a bakin ƙofa. Inuwa ta ci rabin tsakar gidan, ta ci saura, bai ɗaga murya ba. Can sai dutse ya faɗo a gabansa, Farzana ta ɗago kai.

"Assalamu alaikum, Hafiz Sahib. Ya isa haka, na ji."

Muryar ta fi ta Farzana laushi. Masi Barkate ta saki kafaɗar da take riƙe da ita, ta ce, "Ya Allah, Kishwar."

"Matattu ba sa dawowa," in ji Hafiz. "Wace ce ke?"

"Gaskiyarka. Ni hamzad ɗinta ce, aljanar da aka haifa tare da ita. Ita aka binne shekara tara da suka wuce, ni aka bari ina yawo da abin da ta haɗiye."

"Me baiwar Allah nan ta yi miki?"

"Ita? Babu. Tambayi wancan da ke laɓe bayan tulu. Baban Farzana, fito mana. Kai da ke fitowa daga rijiya?"

Miraj Din ya matso. Ba wanda ya kira shi da wannan suna tun ranar jana'izar Kishwar.

"Gaya musu ranar da ka zo gida da haƙoran roba," in ji muryar. "Ko ni in faɗa? An ce masa in bai kawo dariyar aljani washegari ba, wani za a ba aikin. Ya aro rikoda, ya tsaya a nan tsakar gida da gashin doki a ka, yana ta kuka kamar bunsurun da aka taka wa wuya. Kishwar ta fito daga ɗaki da cikin wannan yarinya, wata bakwai. Tana ganinsa ta kama dariya har ta zauna a ƙasa. Rikoda na kunne. Mai haɗa sauti ya rage wa kaset ɗin gudu, muryar mace ta koma ta dodo. Fim arba'in da ɗaya, kaset ɗaya."



"Don mutuncinta na ɓoye!" in ji Miraj Din. "Hafiz Sahib, ka san yayyenta. Da sun ji muryar ƙanwarsu a sinima, da sun kashe ta."

"Shekarar farko na yarda," in ji ta. "Sauran ashirin da shidan fa? Yayyen sun mutu, ka faɗa? Ba ma wannan ba. Duk sanda ta yi dariya sai ka ce, rufe baki, akwai mutane, kar a gane. Ranar da yarinyar nan ta fara tafiya ta faɗa cikin kwanon gari, uwarta ta fashe da dariya, ka toshe mata baki da hannunka saboda direban mai fim yana ƙofa. Ta koma yi a cikin mayafi. Daga nan ta daina. 'Yarta ta girma tana zaton uwarta mai baƙin rai ce. Na yi shiru shekara tara, sai ga hotonka a bango, wai mai dariyar da ta girgiza Lahore."

Hafiz ya ɗago kai. Da ya yi magana, ba Miraj ya kalla ba.

"An zalunci Kishwar, Allah zai bi mata. Amma ke ma kin yi zalunci. Dubi hannun 'yarta. Ki fita, ko in ci gaba da karatu har ki ƙone."

"Ƙone ni. Tare za mu ƙone da ita."

"To me kike so?"

"Abu biyu. Gobe ya tsaya gaban taron nan ya faɗi sunan mai dariyar. Sannan in tafi da abin da yake namu."

"Mene ne naku?"

"Ya sani."

Miraj Din ya durƙusa. "Zan je kabarinta in faɗa. Zan dafa tukunya goma ta shinkafa a raba sadaka da sunanta. Ki bar mini gobe kawai, yini ɗaya tak. Shekara saba'in ban taɓa..."

"Kabari bai taɓa sayen tikiti ba, Baban Farzana. A gaban mutane ka ci, a gaban mutane za ka amayar."

"Miraj Sahib," in ji Hafiz, "ga 'yarka, ga gobenka. Ka rantse."

A nan ne na daina jin tausayinsa, kuma har yau bai dawo mini ba. Hannun 'yarsa na kan cinyarta a kumbure, yana gani, amma ya yi shiru. Idonsa ya je kan takardar bango ya dawo. Shirun ya yi tsawon da har Masi Barkate ta tofar da yawu a gabansa. Sai da ladan ya ɗaga murya sannan ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse.

"In ya saɓa, na san hanyar gidan," in ji muryar. "Assalamu alaikum."

Ƙaramin yatsan ƙafar Farzana ya karkaɗa, tulun da ke gefe ya tsage biyu, ruwa ya malale tsakar gida. Ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Abba, roti ya ƙone?" Sannan ta ji zafin hannunta ta fashe da kuka.

Ranar Asabar ya cika alkawari, wannan kam ba zan hana shi ba. Zaure ya cika maƙil da yara masu gilashi, wasu har da haƙoran roba a baki. Aka yafa masa mayafi, aka miƙa masa lasifika.

"Dariyar nan ba tawa ba ce," ya ce. "Ta matata ce, Kishwar Begum. Sace ta na yi."

Zauren ya ɗauki dariya da tafi.

"Wallahi da gaske nake. Kishwar ce. Na hana ta dariya har ta mutu."

"Chacha bai tsufa ba!" wani ya yi ihu daga baya, yana kiransa Chacha, wato baffa. Suka ƙara kecewa, har da masu buga kujera. Hawaye na bin fuskarsa, su kuwa suna cewa kai, tsohon nan ya iya wasa.

Aka kashe fitilu, fim ya fara. Ga rijiya, ga jaruma da fitilar ƙwai, ga kiɗa, ga kukan gyare. Bagga ya fito, ya jefa kai baya, ya wangame baki. Babu abin da ya fito. Kiɗan na nan, ihun jaruma na nan, dariyar ce kawai babu. Wani ƙato ne da gashin doki yana ta buɗe baki kamar kifi a kan tudu. Aka yi fito, aka tsayar, aka mayar baya. Yara suka zaro wayoyi suna duba finafinan Bagga da ke cikinsu, fim bayan fim, ko'ina haka. Kafin a kai rabi zauren ya ragu, har wasu na cewa ashe ban da dariyar fim ɗin ba komai ba ne.

Washegari da hantsi Farzana ta same shi a tsakar gida, hannunta a naɗe. Masi Barkate ta riga ta gaya mata komai, don ita ba ta tuna ko ɗaya daga kwanakin nan huɗu ba.

"Abba, kaset ɗin farko, wanda ba a rage wa gudu ba. Yana nan?"

Yana nan. A ƙasan akwatin ƙarfe ya ɓoye shi, cikin safa, shekara talatin da shida. Ya ciro tsohuwar rikoda, ya hure ƙura, ya danna. Suka ji tsakar gidan nan tasu ta wancan zamani, ga tantabaru, ga wani matashi yana kukan bunsuru. Suka ji an buɗe ƙofar ɗaki, takun mace mai nauyin ciki ya matso. Daga nan sai shuuu, kaset na juyawa babu komai, har tsawon minti guda, sannan muryar matashin ta dawo tana cewa, "Ke, ya isa mana."

Farzana ta kai hannu mai lafiyar ta kashe rikodar.

"Duk layin nan sun ji dariyar Ammi daga bakina," ta ce. "Ni kaɗai ce ban ji ba."

Ta shiga madafa, ta kawo masa roti biyu da shayi, ta ajiye a gabansa kamar yadda ta saba. Nata kuma ta ɗauka ta hau soro da shi.