Hannu a Kejin Sauro

"Ni ko sauro? Zaɓi ɗaya, Auta!"

Auta ba ta ɗago ba. Hannunta na hagu yana cikin keji, sauraye sun yi masa baƙi suna shan jini.

"Dogo, ja baya. Turarenka yana hana su ci."

"Kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji."

Dogo tela ne, shagonsa yana bayan jami'ar da Auta take aiki. Ya daɗe yana neman aurenta. Ita kuwa digirin digirgir take nema a wata babbar cibiyar bincike, gurbi ɗaya tak, masu nema rututu. Abin da ta dogara da shi shi ne waɗannan sauraye. A daji ta samo kakanninsu, ta yi ta kiwo har ta fitar da irin da maganin feshi ba ya kashewa. Ba sa ɗauke da cuta, amma suna da tsirfa: jinin da ake ɗumama wa sauran a kwano ba sa kallonsa, sai hannun mutum. In ba su sha ba, babu ƙwai. In babu ƙwai, irin ya ƙare.

"Mama ta ce ba za ta karɓi surukar da ƙwari suka shanye ba," in ji shi. "Yayanki ma ya ce karatun ya isa haka."

"Yaya bai taɓa karanta komai ya kai ƙarshe ba."

"Masoyiya... in aka ɗauke ki, tafiya za ki yi."

"Tafiya zan yi."

Ya tsaya yana jiran ƙari. Ta ci gaba da kallon kejinta. Ya fita, ya ja ƙofar a hankali, don ya san dokar ɗakin.

Da aka kira ta ganawa a cibiyar, sai ta bar wa Mai Gilashi amanar kejin. Abokin aikinta ne, shi ma ya nemi gurbin ba a kira shi ba, amma sunansa ne na farko cikin masu jiran wani ya faɗi.

"Je ki abinki, ƙanwata! Kamar 'ya'yana zan riƙe su."

Ganawar ta yi kyau. Farfesan, wata mace mai ƙarancin magana, ta juya takardun ta ce, "Rubutunki ya yi. Amma ni rubutu ba ya cizo na. Kawo ƙwan irin nan da rai, gurbin naki ne."

Tana fita ta kira Mai Gilashi.

"Wallahi zazzaɓi ne ya kwantar da ni tun ranar da kika tafi," ya ce, muryarsa garau. "Ko leƙa su ban yi ba. Ki yi haƙuri... haka Allah ya so."

Auta ba ta yi kuka ba. Ta san tsawon ran sauro. A mota ta zauna tana kallon hanya, tana lissafin ko akwai wadda ta rage da ƙarfin yin ƙwai. Lissafin bai ba ta komai ba.

Daga tasha ɗakin kiwon ta wuce da jakarta.

Ta tura ƙofa.

Dogo ne zaune a kan kujerarta, ya naɗe hannun riga, hannu cikin keji, waya maƙale a kafaɗa.

"Alhaji, rigarka ba ta ɓace ba! Gobe... na ce gobe!"

Ya kashe wayar da haɓa.

"Me kake yi a nan?"

"Na zo ba ki haƙuri, mai gadi ya ce kin yi tafiya. Na leƙo na tarar 'ya'yanki suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Na kira mai gilashin nan, ya ce yana asibiti, alhali ina jin ihun 'yan ƙwallo a bayansa."

"Shi ne ka sa hannu?"

"Ai na sha ganin yadda kike yi. Na dama ya cika, yau na hagu ke aiki. Ɗinki dai ya tsaya, allura ba ta riƙuwa."

Auta ta ajiye jaka. Ta wuce shi, ta zaro ɗan kofin ruwan da ke kusurwar kejin, ta ɗaga farar takardar ciki zuwa fitila.

Ƙwai ne baƙaƙe, birjik.

Sai da ta rufe su, ta rubuta kwanan wata, ta sa a ma'aji, sannan ta juyo ta dubi hannunsa. Ya kumbura suntum, babu masakar tsinke.

Dogo ya lura da wanda aka fara dubawa. Mutum ne mai lura.

"An ɗauke ni," ta ce. "Kuma tafiyar tana nan, Dogo. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Na sani."

"Mama fa?"

"Ta ga hannun. Ta ce wanda ya kai nan ba ya jin magana, a yi a huta."

Auta ta ɗauko man shafawa ta kama yatsunsa.

"Kar ka sosa, rabin raina."

"Sai yanzu?"

An ɗaura auren kafin ta tafi. Keken ɗinkinsa ya bi su a bayan mota, ɗaure da igiya. Kwalin ƙwan kuwa a cinyarta ya yi tafiyar.