Rami na Tara a Layi na Bakwai

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Yaya."

To, kun san Baffa Tanimu, ƙanen babana, wanda ke lumshe idon hagu in rana ta take. Kun sha tambayata me ya sami idon. Yau zan gaya muku, amma kada wanda ya je ya tambaye shi.

Kafin ya dawo gida noma, a wata jami'a yake aiki, a ɗakin gwajin haske. Ɗakin ba taga. Ko da rana tsaka, duhu ne kamar cikin rumbu. A tsakiya akwai ƙaton tebur na ƙarfe cike da ƙananan madubai, da wata kwalba da aka zuƙe iskar cikinta. A cikin kwalbar suke kama ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani don ƙanƙanta. Da zaren haske suke riƙe su, su jera su layi-layi kamar shukar gero, kowace a raminta. In jerin ya cika, sai ya zama madubi, haske ya doke shi ya koma baya. Abin da shugabarsa, Dokta Rakiya, ta shekara huɗu tana nema ke nan.

Amma rami ɗaya ya ƙi cika. Layi na bakwai, rami na tara. A allon kwamfuta ɗigo-ɗigo fari tas, nan kaɗai baƙi. In an sa ƙwaya, sai ta fice.

"Tanimu, ko injin ne?" in ji Dokta.

"Ranki ya daɗe, sau uku ina kwance shi. Lafiyarsa lau."

Bai faɗa mata abin da ya zo masa a rai ba. A gonar kakanmu akwai siririn fili da ba a shukawa, daga gindin kuka har rafi. Kakan namu ya ce hanyar mutanen ɓoye ce. Baffa ya san wannan tun yana yaro, amma ya ji nauyin faɗa a gaban mai digiri uku.

Dokar ɗakin ita ce ba a shiga mutum ɗaya. Ran wata Laraba, rana na tsakiyar ka, Dokta ta fita cin abinci. Baffa ya koma shi kaɗai, ko bismillah bai yi ba. Ya ƙara wa zaren hasken ƙarfi, ya cusa ƙwaya a ramin, ya danne ta. Ta zauna. Allo ya cika.

Bai gama murmushi ba ya ji an ce, "Sannu da aiki, ɗan nan."

Wata tsohuwa ce da farin mayafi, tsaye a ɗaya gefen teburin. Ƙofa a kulle, mabuɗin na aljihunsa. Kuma ku sani, ɗigo-ɗigon nan ko tari ka yi sai sun yi rawa a allo. Ta zagayo teburin, taku bayan taku. Ko ɗaya bai motsa ba.

"Iya, ta ina kika shigo?"

"Ta inda muka saba." Muryar na riga bakin. Sai magana ta ƙare, sannan leɓe ya motsa. "Ni na wuce. Jikata na biye da ni. Ka rufe mata hanya."

"Ban sani ba, Iya."

"Ka sani. Ɗan gidan wa kake?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tana cikin kwalbarka. Duk inda ta nufa, madubinka na mayar da ita. Ba ta ganin komai. Kai ma ba ni naka ganin, sai ta fito."

Ta hura masa iska a fuska, mai sanyi kamar ta bakin rijiya. Allon ya ɓace. 'Yar jar fitilar ƙofa ta ɓace. Ya ɗaga hannu gaban fuskarsa, bai gan shi ba.

"Ramin nan kaɗai za ka buɗe," in ji ta. "In ka watsa jerin, za ta watse tare da shi, idonka ya bi ta."

Ga makanta, ga madannai birjik a gabansa. Sai a nan ya yi bismillar da ya manta a bakin ƙofa. Ya lalubo madannin da ke sauka layi-layi, ya fara ƙirga kamar mai bin shuka. Ɗaya. Biyu. Gumi na ɗiga a bayan hannunsa. Can sai yatsansa ya zame, ya rasa ko ya danna ko bai danna ba.

"Iya, ina na biyar ne ko na shida?"



Sai wata 'yar siririyar murya daga cikin kwalbar ta ce, "Na biyar."

Ya ƙarasa bakwai. Ya ƙirga tara zuwa dama. Ya saki ƙwayar.

Wani abu ya wuce ta gefen kunnensa, da ƙarar 'yan awarwaro. Gani ya dawo masa a hankali. Na dama ya dawo duka. Na hagu ya dawo da baƙin ɗigo a tsakiya, sak irin na allon.

"Wannan na bar maka," in ji muryar daga nesa. "Ka riƙa ganin hanya kafin ka toshe."

Dokta ta dawo ta same shi zaune a ƙasa. Ya gaya mata komai. Ta daɗe tana duban idonsa, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce ta yarda ba. Ƙarshen wata ya ajiye aikin. Abin da ke hana shi sukuni har yau, bai san wa aka ɗauka a madadinsa ba, balle ko an gaya wa mutumin zancen ramin.

Ta ɗigon nan yake ganin mutanen ɓoye in rana ta take, suna wucewa da yaransu. Shi ya sa yake lumshe idon. Shi ya sa kuma ya hana a ajiye komai tsakanin rumbu da ƙofar baya, inda hanyarsu ta bi a gidan nan, ya ce kada yaro ya bi nan shi kaɗai da tsakar rana.

Indo, me kike kallo? Wa ya bar turmi a wurin tun ɗazu?

Tashi ki ɗauke. A'a, ba ke kaɗai ba. Ku je ku biyu, ku yi sallama.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ta tafi ta bar mu lafiya.