'Yar Bakin Kogi da Mutumin Timiya

Ranar Juma'a ce, kasuwar Wudil ta cika ta batse. Barakatu na zaune a layin 'yan gwari da kayan lambun babanta, tana yayyafa wa alayyahu ruwa, sai ta ga inuwa ta rufe ta. Tana ɗaga kai ta ga raƙumi ya miƙo wuya ya kwashi damin alayyahu guda yana taunawa hankali kwance.

"Na shiga uku! Raƙumin wa ne wannan?"

Wani dogon saurayi ya sheƙo da gudu ya ja akalar. Ya naɗa baƙin rawani ya rufe fuska, idanunsa kaɗai ake gani, su ma dariya suke yi.

"Ki yi mana aikin gafara, baiwar Allah. Wata biyu bai ga ɗanyen ganye ba. Ni ma da ba don kunya ba, da abin da zan yi ke nan."

Ta so ta ɗaure fuska, abin ya faskara. Hausarsa wata iri ce, kamar yana lallaɓa kowace kalma kafin ya sake ta.

"Daga wace ƙasa kuka fito da babu ganye?"

"A'a, garinmu akwai ganye. Hanyar ce babu. Sunana Isyaku, daga Timiya, can cikin duwatsun Azbin."

Ya zuba mata dabino a faifai a madadin ɓarnar, ya ja raƙuminsa ya tafi yana waiwaye.

Ashe ayarinsu a gonar babanta ya sauka, wajen Dagumawa. Duk bayan kaka Azbinawa kan zo da gishiri da dabino su koma da gero, manoma kuwa na maraba da su saboda takin raƙuma. Malam Dattijo, mahaifin Barakatu, mutum ne mai son baƙo, ba a jima ba Isyaku ya zama ɗan gida a lambunsa na bakin kogi, yana taya shi jan jigo.

Nan ne Barakatu ke kai wa babanta fura da hantsi, nan ne kuma hira ta fara tsawo.

"Ke 'yar bakin kogi, kin taɓa ganin ruwa yana saukowa daga kan dutse?"

"Ruwa ai kwance yake tafiya."

"Namu tsaye yake zuwa. Yana faɗowa cikin wani kwarmin dutse, sanyinsa har haƙori. Garinmu yana tsakanin baƙaƙen duwatsu, in kin hango daga sama sai ki ce an shimfiɗa koren zane a kan rairayi. Ga dabino, ga rumman, ga lemu, ga alkama. Da dare kuwa sai da bargo."

"A hamadar?"

"A hamadar. Gaba da mu akwai kufan wani tsohon birni, Asode. Tsofaffi sun ce a can manyan Azbin suka fara zama. Yanzu babu kowa sai katangun duwatsu da kangon masallaci. Akwai kuma wuraren da mutanen da can suka zana raƙumin dawa da jimina a jikin dutse, ba wanda ya san ko su wane ne. Har Turawa kan wahalar da motocinsu su zo su ɗauki hoto."

Barakatu ta yi tagumi. Ita tun tana ƙarama take son labarin garuruwa, ko Kano sau biyu ta taɓa zuwa.

"Anya, Na-kan-dutse, ba ƙara wa labarin gishiri kake ba don ka ga sana'arka ce?"

Malam Dattijo da ke can cikin albasa ya fashe da dariya.

Kafin sanyi ya wuce, kowa a unguwar ya san inda aka dosa. Samari da yawa sun nemi Barakatu ta ƙi, babanta kuma ya ce ba zai matsa mata ba. Wannan karon ita ce ke tsayawa gaban madubi kafin ta ɗauki ƙwaryar fura.

Kawun Isyaku, wanda shi ne madugun ayarin, ya zo da goro ya gabatar da magana. Malam Dattijo ya ce shi dai ya ga halin yaro ya yaba, amma a ba shi lokaci ya shawarci uwar yarinya.

Inna Turai tana tankaɗe lokacin da ya faɗa mata. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, ka ba ta kowa a garin nan, ban da wannan."

"Wani abu kika ji a kansa?"

"Ban ji komai ba. 'Yata dai ba za ta Azbin ba."

Barakatu ta durƙusa gabanta da hawaye.

"Inna, ko ganinsa ba ki yi ba fa."

"Ba na bukata. Tashi ki ɗauko min rariya."

Abin ya ɗaure wa kowa kai, don Inna Turai ba mace ce mai tsanani ba. An dai san ba haifaffiyar Wudil ba ce, wata tsohuwa ce ta riƙe ta tun tana yarinya, ita kuma ba ta taɓa ɗaga zancen ba.

Ana cikin haka sai ga Ya'u direba, wanda ya daɗe yana zarya a kan Barakatu ba ta kula shi. Ya tare ta a hanyar kasuwa yana kaɗa makullin motarsa.

"Ina tausaya miki, Barakatu. Shekaranjiya ni na kai Buzun nan naki Kano. A gabana ya sayi turkuɗi da takalma na mata. Na tambaye shi, da bakinsa ya ce na amarya ne. Ke an sa miki rana ne ban ji ba?"

Ta juya ta koma gida. Ta daina zuwa lambu, ta ce kanta ke ciwo.

Ranar Litinin ƙawarta Indo ta shigo ta zauna bakin gado.

"Mutuminki ya tare ni a bakin kogi. Ya ce in faɗa miki daidai yadda ya faɗa: 'Yar bakin kogi, in laifi na yi a gaya min in ba da haƙuri. In ciwo ne, Allah Ya raba mana shi biyu a ba ni babban kaso."

"Ki ce masa ya kai wa amaryarsa turkuɗinta, Allah Ya ba su zaman lafiya."

Indo ta fita, ba a jima ba ta dawo tana riƙe ciki don dariya.

"Ya ce: Amaryar ƙanwata ce Saudatu, uwa ɗaya uba ɗaya, bikinta na jiran komawarmu. Naki turkuɗin na gan shi, na taɓa shi, na kasa saye, don ban sani ba ko za a ba ni mai ɗaura shi."

Barakatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ki ce masa kan ya yi sauƙi."

Sai dai Inna Turai ba ta sauko ba. Zafin bazara ya shigo, Azbinawa suka fara ɗinke buhunan gero, dole su kama hanya kafin ruwa ya sauka. Wata rana bayan la'asar Isyaku ya zo yi wa Malam Dattijo sallama. Suka zauna a zaure. Barakatu na tsakar gida kusa da bangon zauren tana tsince wake, Inna na gefenta tana kaɗi, duk abin da ake faɗa suna ji.

Malam Dattijo ya ɗauko zancen lambu.

"Wai ku da me kuke ban ruwa a can?"

"Da sa, Baba. A ɗaura masa igiyar guga, ya yi gaba ya jawo, ruwa ya zube a kwararo ya bi kwami-kwami. Kakana ya ce akwai lokacin da duk rijiyoyin suka rufta. Shekarar da sojan Faransa suka watsa Azbin, garin ya tashi kakaf, mutane suka yi kudu da ƙafa. Daga baya aka riƙa komawa da ɗai-ɗai da bibbiyu, aka yashe rijiyoyi, aka sake dashe."

Mazarin Inna Turai ya tsaya. Sai ta miƙe ta nufi ƙofar zauren, ta tsaya daga bayan asabari, ta yi magana da wani harshe da Barakatu ba ta taɓa ji a bakinta ba.

Isyaku ya amsa da muryar da ta sauya, ya sauko daga tabarma ya durƙusa.

Inna ta koma Hausa. "Ka ce an koma? Da mutane a garin?"

"Cike yake, Inna."

"Ina da shekara tara muka fito. Babana ya rasu a hanya, innata ta bi shi kafin mu iso Kano, ƙanena a bayana ya cika. Ni na ɗauka garin ya zama kufai. In na rufe ido ba na ganin komai sai hanyar nan. Shi ne za ka ɗauki 'yata ka bi da ita?"

"Hanyar lafiya lau take yanzu, Inna, duk shekara muna bin ta. Wane gida ne naku?"

Inna ta dafa bango.

"Halliru. Lambunsa na da rijiya biyu, daga ƙasan masallaci."

"Lambun Halliru mai rijiya biyu? Inna, har gobe haka ake kiransa. Da aka ga ba wanda ya dawo daga gidan, liman ya damƙa shi ga wani maƙwabci ya riƙa kula. Duk shekara in an sare dabino, sai an ware kason masu lambu a yi musu sadaka. Ni kaina na ci dabinon nan ina yaro, an ce mu yi wa Halliru da iyalinsa addu'a."

Inna Turai ta zame ta zauna a ƙasa. Barakatu ta rungume ta, suka yi ta kuka. Malam Dattijo ya shigo ya tsaya a kansu yana salati, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Shekara da shekaru suna tare, bai taɓa jin sunan surukinsa a bakinta da irin wannan murya ba.

Da ta natsu ta share fuska da gefen zane.

"Malam, ka ce wa kawunsa ya dawo. Amma da sharaɗi. Ƙafarta ƙafata. Ni zan kai ta ɗakinta."

"To ni fa?" in ji Malam Dattijo. "Ni da albasa za ku bari?"

"Ga Talatu nan 'yar'uwarka, ta dafa maka. In ayari ya juyo da kaka ka gan mu."

Madugu ya ɗage tafiya da mako biyu. Aka ɗaura aure ranar Lahadi a ƙofar gidan Malam Dattijo, masunta da 'yan lambu da Azbinawa suka cika layin. Matan unguwa suka yi ta mamakin Inna Turai, wadda ta zauna tsakiyar baƙi tana zuba yarensu kamar jiya ta baro shi. Ya'u ma ya zo, ya ci shinkafa, ya ce shi dama alheri yake nufi.

Ranar tafiya da sassafe aka durƙusar da raƙuma a bakin gari. Isyaku ya gyara wa amaryarsa shimfiɗa a kan sirdi, ya matso ya rage murya.

"Kina jin tsoro, amaryata?"

"Kaɗan. In ya tashi da ni na faɗo fa?"

"Ina ƙasa ina jira."

Malam Dattijo ya kama hannun Isyaku ya riƙe da hannu biyu.

"Mutum biyu na ba ka, ɗana, su ke nan gare ni. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ɗayyiba, Ya sa a je lafiya a dawo lafiya."

Jama'a suka amsa da amin. Raƙuma suka miƙe, Barakatu ta ƙanƙame sirdi ta yi 'yar ƙara, sannan ta fashe da dariya. Ta waiwaya ta ɗaga wa babanta hannu har ya ƙule. Da ta juyo, sai ta ga raƙumin Inna Turai ya riga ya wuce nata, tana can gaba kusa da madugu, tana tambayarsa wa da wa ke raye.