Tartsatsin Baba Hinnerk

"Ba za ta sake taka gidan nan ba, Sönke!"

"Haba masoyiyata... ɗan yatsa ne fa kawai."

"Yatsan 'yata ne!"

Ran Lahadi ne, muna gidan surukina Baba Hinnerk a Husum, shan kofi da kek na ƙarfe uku kamar kullum. Tsohon mai kula da rediyon jirgin ruwa ne. Wiebke, 'yarmu mai shekara biyar, ta tambaye shi me ya sa ake ce wa igiyoyin rediyo Funkwellen da Jamusanci. Maimakon ya amsa da baki, sai ya ja ta ɗakin tarkacensa, ya kunna wata na'ura mai fitar da tartsatsi da ya haɗa da hannunsa.

"Kin gani, sarkin tambaya? Funke tartsatsi ke nan, Wellen kuwa igiyoyin ruwa. Da tartsatsi aka fara aika saƙo ta iska, shi ya sa..."

Ta miƙa hannu. Daga kicin na jiyo ihunta.

Yatsan ya warke cikin mako guda, ko tabo babu. Ni ce ban warke ba. Wata bakwai mijina Sönke yana zuwa shi kaɗai, ya dawo da kek yanki biyu a naɗe.

"Har yanzu faranti huɗu yake jerawa, Frauke."

"Ya jera goma!"

Sai ya sumbaci goshina, idonsa jajur. Ina gani ina raba shi biyu, amma na ce ai uwa ce ni.

Da na sauko, na ce Lahadi mai zuwa za mu je. Ran Alhamis maƙwabciyar Baba Hinnerk ta kira...

Bayan jana'izarsa muka buɗe ɗakin tarkacen. Na'urar na nan, amma ya rufe ta cikin akwatin gilashi mai kauri, ko allura ba ta shiga. Maɓalli ɗaya ne a waje, can ƙasa, daidai tsayin yarinya. Ya liƙa takarda a jiki:

"Frauke, 'yata, ki fara gwadawa da kanki. Kin fi ni gaskiya."

Na danna. Tartsatsi shuɗi ya yi ƙyas.

Wiebke ta matso ta danna ita ma. "Mama, Kaka zai ji saƙon?"

Sönke ya riƙe ni, bai ce "na faɗa miki" ba. Ina ma a ce ya faɗa.

"Sake dannawa, 'yar lele," na ce. "Ki yi ta dannawa."