Darmar Mungo Rae

A zamanin Sarki Charles na biyu, da kaka, bayan an kwashe hatsi, mutanen Balmorrie suka daina shiga cocinsu. Sarki ya kori limaminsu, ya ɗora nasa. Sai suka koma yin sujada a ɓoye, cikin shingen tumaki na dutse, can bayan tudu.

Al'adarsu ce, ba mai zama cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin ibada, sai da 'yar darma mai hatimi, shaidar izini, daga hannun dattijon coci, Ninian Gilchrist. A shekarar an hana makiyayi Mungo Rae tasa. Laifinsa ɗaya: da jaririnsa ke shure-shuren mutuwa, ya kai shi wurin limamin sarki aka yi masa baftisma. Matarsa Elspeth kuwa an ba ta tata.

Ran Lahadin Jibin, Mungo na kan tudu shi kaɗai sai ya hango mahayan sarki suna ƙetare rafi. Ya gangaro da gudu har takalmi ya fice. Ninian na tsaye bakin shinge.

"Baba Ninian, dawakai! Ku watse!"

"Ina darmarka?"

"Wace darma kuma? Na ce maka sojoji!"

"Rage murya, ana Zabura. Je ka wurin limaminka ya yi maka waƙa."

A ciki mai jan waƙa yana karanta baiti, jama'a na amsawa a hankali, suna jan kowace kalma kamar ba sa son rabuwa da ita. Mungo ya tsinci muryar Elspeth a ciki. Ya ƙwala mata kira. Samari suka toshe masa baki, suka ja shi gefe, don kada ya ɓata ibada.

Suna riƙe da shi mahayan suka iso. Shingen ƙofa ɗaya gare shi. Shugabansu ya dubi Mungo, ya yi dariya.

"Wannan na gan shi a cocinmu. Ku ƙyale shi, namu ne."

Kowa ya ji. Elspeth ma ta ji, kafin a harbe ta.

Waɗanda suka tsira sun ce Mungo ne ya jawo sojoji. Da aka sauya sarauta suka koma cocinsu, suka sassaƙa sunan Ninian a dutsen shahidai, na Elspeth a ƙasansa. Mungo ya tsufa ba mai amsa gaisuwarsa.

Mu jikokin wannan ikilisiya an koya mana tsine wa sarki, kuma ya cancanta. Amma sarki dawakai kawai ya aiko. Bakin mutumin nan, hannuwanmu ne suka rufe shi.