Kabad ɗin da Ya Ƙi Fenti

Amarya na durƙushe tana goge kabad ɗin da mahaifiyarta ta rasu ta bar mata, sai Inna, uwar mijinta, ta ɗaga labule ko sallama babu. Ta ƙare wa kabad ɗin kallo, ta taɓe baki, ta ce ita ba ta taɓa ganin matar mai fenti da katako baƙi ƙirin kamar gindin tukunya ba, mutane har sun fara yi da ɗanta. Amarya ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri, haka nan take son sa, ko ƙamshinsa ta ji sai ta tuna uwarta.

Mijin nata Auta na dawowa daga shago Inna ta tsare shi a tsakar gida. Ta ce ko dai ya shafe abin nan da shuɗin fenti yau, ko ta san matarsa ta fi ta. Auta ya san aikinsa sarai. Yana taɓa katakon ya ji maiƙo, don shekara da shekaru marigayiyar na mulke shi da mai, kuma katakon da ya ƙoshi da mai ba ya karɓar fenti sai an wanke shi an kankare da samfefa, takardar nan mai kaushi. Amma Inna na tsaye a kansa, hannu a ƙugu. Gogan naka sai ya tsoma burushi ya yi ta laftawa, matar da ya rantse zai kare tana hawaye a bakin gado.

Fenti kuwa ya ƙi bushewa. Ya yi danƙo, ya tattare, ƙudaje na maƙalewa a jiki, ɗaki ya gume da wari. Abin nema ya samu. Inna ta tara yayyen Auta mata ta ce su zo su ga asiri da idonsu, abin da aka binne a katakon nan shi aka mallake mata ɗa da shi. Amarya ta ɗago tana duban mijinta, kalma ɗaya tak take jira. Shi kuwa farcen ƙafarsa yake kallo.

Da suka watse ta ce, “Kai ne mai fenti. Ka san dalili, ko ba ka sani ba?”

“Na sani.”

“To shirun na mene ne?”

“Inna ce fa, Amarya.”

“Haka ne. Kai kana da uwa.”

Ba ta zagi kowa ba. Ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan gwaggonta, gwaggon kuma ta ce ko inuwar Auta kada ta gani a ƙofarta. Auta ya rame ya lalace, ƙofofin mutane ma sai ya shafa su a karkace. Da abin ya ishe shi ya jawo kabad ɗin tsakar gida, ya yi ta kankara har yatsunsa suka fashe. Inna ta fito za ta fara, ya durƙusa a gabanta.

“Inna, mai ne a jikin katakon, ba asiri ba. Na sani tun ban tsoma burushi ba. Tsoronki na ji, na bari aka yi wa marainiya ƙazafi.”

Inna ba ta ba kowa haƙuri ba, irinta ba sa bayarwa. Amma da ƙafarta ta je gidan gwaggon, ta maimaita maganar Auta a gaban yayyensa mata, ta taho da Amarya.

Amarya ta shiga ɗaki ta shafa kabad ɗin. Ya koɗe fayau, shuɗi ya shige kowace tsaga, duk inda hannun uwarta ya taɓa samfefa ta cinye. Sannan ta kama yatsun Auta ta ɗaure masa su tana kuka.

Haƙuri ya dawo mata da miji da mutunci, abin da aka kankare kuwa ya tafi ke nan. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma namijin da ya san gaskiya ya haɗiye ta don tsoro, ya sani da hannunsa ya cuci matarsa.