Katangar Mai Gari Abdulmajid

A zamanin Mai gari Abdulmajid ɗan Hama, wanda ya riƙi Gidan Zali ta ƙasar Deule, cikin wata bazara mai tsananin zafi, aka aza harsashin katangar da har yau mutanen yankin ke nuna wa baƙo in suna son dariya.

Gidan Zali a gindin tudu take. Ƙasa da gari fadama ce, a nan gandun sarauta yake. Sama da gari kuwa fako ne, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsakuwa wadda ko akuya ba ta ɓata lokacinta a kai. A zamanin kakanni fadama ta ishi kowa, har a bar gona ta huta. Daga baya jama'a ta yawaita, gonar mutum guda ta koma ta jikoki barkatai, ruwan da ke gangarowa daga fako kuma ya buɗe kwazazzabo a goshin gandu yana ci kowace damina.

Garin na da al'ada tun kafin a gina masallaci a cikinsa. Ranar da aka yi ruwan shuka, mai gari ke buɗe rumbun sarauta, kowane magidanci ya durƙusa ya karɓi cikin tafi na irin gero da hannu biyu, ya gauraya da nasa. Wanda ya ba da iri shi ke da gari. Rawani daga baya ya zo.

Da Hama ya rasu, ƴaƴansa biyu suka nemi gado. Abdulmajid ne babba, mai jiki da murya, ya daɗe a Abijan yana sayar da agogo, ya dawo da manyan riguna. Arzika ƙanensa bai taɓa wuce Madawa ba. Magidanta suka jeru bayan wanda suke so, Abdulmajid ya yi rinjaye, amma da ya waiwaya ya ga tsawon layin ƙanensa, abin ya tsaya masa a rai har abada. Ranar rabon gado ya riƙe fadama, ya nuna tudu da sandarsa.

"Ga ƙasa nan iyakar ganinka, Arzika. Ka noma ta duka, ba mai hana ka."

Fadawa suka yi dariya, domin aikinsu ke nan.

Matar Arzika, Laraba, ta yi aikin gina-ka-ci, wanda ake biya da abinci, wajen Keita a shekarun yunwa, can ta ga yadda ake jera duwatsu a gicciye kan gangare don su tare ruwa. Ita da mijinta suka shiga jerawa, suna haƙa ƴan ramukan shuka da ake kira tassa suna zuba taki. Arzika ya rasu bai ci moriyar kirki ba. Laraba ta ci gaba, waɗanda gona ta yi wa kaɗan suka bi ta. A kwana a tashi fako ya fara ba da gero, itatuwa suka tsiro, ruwan da dā ke saukowa da rugugi ya koma saukowa a hankali.

Kada wani ya ce Abdulmajid bai sani ba. Ɗan manomi ne. Ya ga kwazazzabo ya daina ci, ya ga rijiyar fadama ta daina ƙafewa, kuma ya san dalili sarai. Sai dai kunnensa ya fi idonsa ƙarfi, abin da kunnen ke jiyo masa kuwa shi ne mutane na cewa "Fakon Laraba", kuma ɗanta Harisu ya zama magidanci, jikan Hama ne kamar kowa.

Galadima Sha'aibu, wanda bai taɓa faɗa wa ubangidansa abin da ba ya son ji ba, ya matso wata safiya.

"Ranka shi daɗe, matacciyar ƙasa ta mai gari ce. Mi ka shaida an raya ta? Duwatsu. In babu duwatsu, babu shaida. Ga shi kuma wakilin Sarki na tahe, gidanka da dangar kara."

Shawara ɗaya ta biya masa buƙata biyu, Abdulmajid ya ji kamar shi ya ƙago ta. Aka yi shela: duwatsun tudu na sarauta ne, a kawo su fada.

Laraba ta sauko. Ta tsufa, hannuwanta sun yi kanta. Ta cire takalmi ta durƙusa a bakin zaure.

"Ranka shi daɗe, ba don kaina niz zo ba. Duwatsun gabas, gandunka suka tsaro. In anka kwashe su, ruwa bai da inda za shi sai gonar babanku."

"Matar ƙanena," in ji shi, yana gyara hannun riga, "tun ba a aure ki ba gandun ga shina nan. Ke za ki tsare shi?"

"Ba ni ba. Duwatsu."

"To, su zo su tsare mai gandun."

Aka sake dariya. Shi kansa ya san gaskiya ta faɗa, amma an riga an yi dariyar, janyewa kuma ta fi masa asarar gona ciwo. Amalanken jakuna suka yi ta jigila daga gefen gabas, wanda ya fi kusa. Duwatsun yamma ragwancin fadawa ne kawai ya cece su. Katanga ta tashi har ta fi mutum tsawo. Wakilin Sarki ya zo, ya sha fura, ya ce ta yi kyau, ya hau motarsa.

Ruwa bai yi gaggawa ba. Sai tsakiyar damina, wata la'asar, gero ya fara fidda kai, ruwan ya sauko jajir da shi, ya raba gandu biyu, ya binne rabin da yashi. Abdulmajid ya tura samari da buhunan ƙasa, ruwa ya tafi da buhunan. Daminar da ta biyo ya dawo ta hanyar da ya buɗe, ya ci gonakin maƙwabta, rijiya ta rufta. Ba a taɓa yi wa gari kwanton ɓauna irin wannan ba, kuma mai garin ne ya buɗe ƙofa.

Rumbun sarauta ya ƙare ƙarƙaf. Maimakon ya faɗa, sai ya aika a ɓoye aka sayo gero a kasuwar Madawa aka zuba. Ranar ruwan shuka ya sha rawani ya zauna. Sarkin Noma ne ya fara karɓa. Ya baza ƙwayoyin a tafinsa ya daɗe yana duba.

"Ranka shi daɗe, wagga maiwar kudu ta. Kahin ta nuna, ruwanmu ya ɗauke."

Ba wanda ya yi masa tsiwa. Kowa ya karɓa, ya yi godiya, ya fita ya watsa wa kaji, ya kama hanyar tudu, inda rumbun Laraba ke cike da irin gida. Galadima Sha'aibu ya ce zai je ya dawo da su. An gan shi a layi, hularsa a hannu.

Abdulmajid na zaune cikin katangarsa, ba ya ganin kowa, sai dai yana jin takun masu hawa. Da hantsi Harisu ya yi sallama, ɗauke da ƴar ƙwarya.

"Baba, Inna ta ce sauran gandun kakanmu kar shi kwana ba shuka."

Damina ba ta jiran mai rawani, kuma akwai bakuna a gidan. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

Ba a tuɓe shi ba, ba wanda ya ga amfanin wahalar. Ya ƙare kwanakinsa da rawaninsa, ana gaishe shi in an tuna. Gonakin Gidan Zali a yau sun hau tudu, fadama ta koma yashi da ramuka. Allah ke ba da mulki, amma bai taɓa ba wa mai mulki ikon hana ruwa bin gangare ba. Katangar na nan daram, ko dutse ɗaya bai faɗi ba, domin Abdulmajid ya zaɓi masu kyau.